Karen 'yan sanda na kuɗin gudummawa: me ƙaramin gari a Amurka yake saya?

A ƙananan garuruwan Amurka, irin waɗanda 'yan sandansu ba su wuce goma sha biyar ko ashirin ba, sau da yawa jama'a ne suke sayen karen 'yan sanda da kuɗin aljihunsu. Majalisar gari takan ce babu shi a kasafi, sai shugaban 'yan sanda ya juya ga mutane. A buga riguna da hoton kare a sayar, a shirya cin abincin tara kuɗi, bankin gari ya ba da nasa, dillalin motoci ya ba da nasa, likitan dabbobi ya yi alkawarin rangwame, 'yan firamare su zaɓa wa karen suna. Akwai kuma masu tallafi daga waje, kamar AKC Reunite, reshen ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka. Wannan sharhi ya duba abin da gari yake samu idan ya kai kuɗin nan kasuwa.

Hukuncinmu a taƙaice: hancin karen ya ci kuɗinsa har da riba. Haƙorinsa kuwa, ga gari mai 'yan sanda kaɗan, ɗawainiyarsa ta fi amfaninsa. Gudummawa kuma ranar farko kawai take biya, sauran shekara bakwai ko takwas na wuyan majalisar gari ne.

Kare iri biyu ake sayarwa. Akwai mai aiki ɗaya, wanda hanci ne sana'arsa: shinshino miyagun ƙwayoyi ko abin fashewa, galibi haɗe da bin sawu. Labrador ya yi suna a nan, shi da karnukan farautar tsuntsaye na Jamus. Akwai mai aiki biyu, wanda bayan shinshina an koya masa kamun mutum da cizo, kuma a nan Malinois na Beljiyam da karen makiyayan Jamus da na Holan ne suka mamaye kasuwa. Mafi yawansu a Turai ake haifarsu, a Holan da Jamhuriyar Cek da Sulobakiya da Hangari, inda kiwon karen aiki ya daɗe. Ƙungiyar karnukan 'yan sanda ta Holan, KNPV, tun 1907 take gwada karnuka. Dillalan Amurka, irin su Vohne Liche Kennels a jihar Indiyana da Shallow Creek Kennels a Fensilbaniya, sukan shigo da su suna da shekara ɗaya zuwa biyu. Shi ya sa za ka ji ɗan sandan Amurka yana ba karensa umarni da Jamusanci ko harshen Holan. Ba sirri ba ne, da shi karen ya tashi. Farashin kare shi kaɗai yakan kama daga wajen dala 8,000 zuwa sama, ya danganta da ko ɗanye ne ko an riga an hore shi.

Wurin zaɓen kare ne garuruwa da yawa suke yin hasarar farko. Kada a aika ɗan sandan da bai taɓa riƙe kare ba ya je shi kaɗai, a haɗa shi da gogaggen mai horo daga wata rundunar. Gwajin ba shi da wuya. A jefa ƙwallo cikin doguwar ciyawa, a juya karen don kada ya ga inda ta faɗa, a sake shi. Wanda ya sa hanci ƙasa ya yi ta nema minti biyu, uku, bai ɗago ya dubi mutum ba, shi ake so. Wanda ya nema kaɗan ya dawo yana kallon hannunka, haka zai yi a bakin hanya da tsakar dare. Sai a kai shi kan daɓe mai santsi, matakalar ƙarfe mai ramuka, ɗaki mai duhu, a harba bindiga nesa da shi. Kare na iya zama zaki a filin dillali ya kasa taka tayil ɗin makaranta, alhali a makarantu da shaguna zai yi rabin aikinsa. A kuma nemi hoton ƙashin kwatangwalo da gwiwoyin gaba da gadon baya, likitan da gari ya zaɓa ya duba, ba na mai sayarwa ba. A karanta garanti da kyau: wata nawa ne na lafiya, wata nawa na iya aiki, kuma idan an mayar da kare, wa zai biya kuɗin sake horar da ɗan sandan da sabon.

Horon ɗan sandan yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida idan karen ya riga ya iya aiki, mako goma sha biyu ko fiye idan ɗanye ne. Duk tsawon lokacin nan wani ne zai riƙe masa aikinsa, kuma kuɗin obataya ba ya fitowa a takardar tara gudummawa. Bayan an dawo, ƙa'idar da aka fi bi a ƙasar ita ce aƙalla awa 16 na horo kowane wata, da sabunta takardar shaida duk shekara a wajen ƙungiyoyin tantance karnukan 'yan sanda irin su USPCA ko NAPWDA. Ƙwayoyin da ake horo da su ma sai da rajistar DEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta tarayya, a akwatin ƙarfe mai makulli, kowace iri a mazubinta don kada warinsu ya gauraya. Gari mai kare ɗaya tilo ba zai iya wannan shi kaɗai ba. Dole mai riƙon ya riƙa tafiya wata gunduma ya haɗu da takwarorinsa, domin wanda ya ɓoye abin nema da hannunsa ya san inda yake, kuma karen zai karanta hakan a jikinsa.

Wannan batu ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne babban aibin hajar. A wani bincike da aka wallafa a 2011, masana na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun gwada tawaga 18 ta kare da mai riƙonsa. Babu ƙwaya ko abin fashewa ko kaɗan a ɗakunan, amma an gaya wa masu riƙon cewa jar takarda alama ce ta inda aka ɓoye. An samu nunin ƙarya, wato kare ya nuna akwai abu alhali babu, sama da 200, kuma ya fi yawa daidai inda jar takardar take. Karen bai yi ƙarya ba. Ya lura ubangidansa ya rage tafiya, ya ƙara buga wurin da yatsa, ya ja igiya kaɗan, sai ya zauna don ya samu ƙwallonsa. Maganinsa sananne ne: horon da mai riƙon bai san inda abin yake ba, da ɗakunan da babu komai a cikinsu, inda za a saka wa kare don ya wuce bai zauna ba. Duk dillali ko mai horon da bai sa wannan cikin tsarinsa ba, a nemi wani.

Rubuta komai a littafi kuma ba ƙa'idar banza ba ce. A shari'ar Florida da Harris ta 2013, kan wani kare mai suna Aldo, Kotun Ƙolin Amurka ta ce nunin kare mai horo da takardar shaida yana iya zama hujjar bincike, amma wanda ake tuhuma yana da damar ƙalubalantar ingancin horon. Lauya zai nemi littafin. Idan ya ga wata uku babu horo, ko ya ga kare bai taɓa kuskure ba ko sau ɗaya a rubuce, to ya samu abin kamawa. A shekarar dai, a shari'ar Jardines, kotun ta ce kai kare ya shinshina ƙofar gidan mutum bincike ne da ke buƙatar waranti.

Shari'ar da ta fi shafar ƙaramin gari daga ƙaramin gari ta fito. A 2012 wani ɗan sandan Valley, a jihar Nebraska, ya tsayar da mota bayan sha biyun dare don ta ɗan sauka gefen titi. Ya rubuta takardar gargaɗi ya miƙa, sa'an nan ya riƙe direban minti bakwai zuwa takwas har abokin aiki ya iso, ya zaga motar da karensa. An samu ƙwaya. A 2015, a shari'ar Rodriguez, Kotun Ƙoli ta ce ba a tsawaita tsayar da mota don jiran kare ya shinshina, sai da wani dalilin zargi na daban. Wannan hukunci yana da fuska biyu. Shi ne hujja mafi ƙarfi ta mallakar kare a gida, tunda na aro daga ofishin sharif, wato shugaban 'yan sandan gunduma, na iya ɗaukar rabin awa kafin ya iso. Amma kare ɗaya da mutum ɗaya awa 40 suke aiki cikin awa 168 na mako. Masu ba da gudummawa su san cewa mafi yawan lokaci karensu yana gida.

Tabar wiwi kuwa, shawararmu a bar ta daga jerin abin da za a koya masa. Kare ba ya iya faɗin wane wari ya ji, zama ɗaya yake yi wa duka. A 2019 Kotun Ƙolin jihar Kolorado, a shari'ar McKnight, ta ce tunda wiwi halal ne a dokar jihar, shinshinar karen da aka koya wa wiwi bincike ne da ke buƙatar hujja tun kafin a fara. Lokacin da Birjiniya ta halatta a 2021, karnuka da dama sun yi ritayar dole da sauran ƙarfinsu. Ko a jihar da ba ta halatta ba, dokar noma ta tarayya ta 2018 ta halatta nau'in da ba ya bugarwa, kuma warinsu ɗaya a hancin kare. Hodar ibilis, hiroyin da metamfetamin sun isa.

Mota ce ta fi cin kuɗi, ta ninka farashin karen sau da yawa. Ana cire kujerar baya a sa kejin alminiyam mai tabarmar roba da kwanon ruwa wanda ba ya zubewa. Abin da ba a yin ciniki a kansa shi ne na'urar gargaɗin zafi, irin Hot-N-Pop Pro ta kamfanin AceK9 ko takwararta ta Ray Allen. Tana da ma'aunin zafi a cikin motar. Da zafi ya wuce iyakar da aka sa, sai hon da jiniya da fitilu su tashi, gilasan baya su sauka da kansu, fankar taga ta kama, saƙo ya tafi wa ɗan sandan. Akwai kuma maɓalli a ɗamararsa da zai buɗe wa karen ƙofa daga nesa. Na'urar tana aiki sosai, amma ga inda ake samun matsala: injin da ke gurnani awa da awa a tsaye yana iya mutuwa ko na'urar sanyaya ta daina, fis ya ƙone, saƙo ya kasa ratsa ginin kankare, ko a kashe ta a ƙarshen aiki a manta kare na ciki. Mota a rufe cikin rana tana ƙara kusan digiri 10 na ma'aunin Celsius a minti 10. Zafin jikin kare yana tsakanin 38 da 39, ya haura 41 an shiga hatsari. Don haka a gwada na'urar a farkon kowane aiki, a kuma ɗauki wadda ke aika saƙo ta layin waya zuwa ga mutum fiye da ɗaya, har da ɗakin karɓar kira.

Rigar sulke ita jama'a suka fi son saya, kuma ita ce mafi sauƙin samu: ƙungiyar Vested Interest in K9s ta jihar Masacusets, wadda aka kafa a 2009, tana ba da ita kyauta ga karnukan da suka cika sharuɗɗanta. Tana da nauyi tana riƙe zafi, ba a bin dogon sawu da ita. Gara kuɗin ya tafi ga tiyatar ɗinke tumbi da bangon ciki, wadda ke hana murɗewar ciki, ciwon da ke kashe karnuka masu zurfin ƙirji cikin awoyi, da ajiye naloxone a mota, maganin karya ƙarfin ƙwaya irin ta hiroyin idan kare ya shaƙa.

Sai cizo. Binciken da kafar labarai ta The Marshall Project da abokan aikinta suka wallafa a 2020, wanda ya ci lambar Pulitzer a 2021, ya nuna kimanin mutum 3,600 ne suke zuwa sashen gaggawa duk shekara a Amurka saboda cizon karen 'yan sanda, da yawansu kan ƙananan laifuka, wasu ma ba su ake nema ba. Cizon Malinois yana yaga tsoka har ƙashi. Diyyar ƙara ɗaya na iya haɗiye abin da gari ya tara sau da yawa, shi ya sa ya kamata a fara tambayar kamfanin inshorar gari kafin a buga riga ko ɗaya. Ga kuma wani abu da ya fi damunmu: aikin da ya sa mutane suka buɗe jakarsu shi ne neman yaron da ya ɓata ko tsohuwa mai ciwon mantuwa da ta fita da dare. Karen da aka koya wa cewa ƙarshen sawu cizo ne, da fargaba ake sakinsa a irin wannan nema. Mai farauta ya sani, karen da ya iya bin sawu ba lalle ne shi ake so ya fara isa ga nama ba. Labrador mai bin sawu yana yin aikin nan, ya shiga aji yara su shafa shi, ya kuma shinshina mota.

Akwai kuɗin da ke dawowa duk shekara wanda ya kamata majalisa ta sa hannu a kansa a rubuce tun kafin a karɓi dala ɗaya. Karen a gidan ɗan sandan yake kwana, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Garcia ta 1985 dokar ƙwadago ta tarayya ta hau kan ƙananan hukumomi, saboda haka ciyarwa da wanka da share keji aiki ne da ake biya, har ranar hutu. Wurare da yawa sun daidaita a kan rabin awa kullum. Ga abinci, rigakafi, gyaran fiƙar da ta karye, kuɗin ajiyar kare idan mai riƙon ya yi tafiya. A rubuta me zai faru idan babbar runduna ta ɗauke ɗan sandan bayan shekara biyu, abin da ke yawan faruwa ga ƙananan garuruwa. A rubuta kuma wa zai biya likita bayan karen ya yi ritaya yana da wajen shekara takwas zuwa goma, domin al'adar ita ce a sayar wa mai riƙon karen a kan dala ɗaya, daga nan ciwon gaɓɓai da tiyata duk su koma aljihunsa. Kuɗin gudummawar su shiga asusu na daban mai rajista, a ware wani kaso tun ranar farko don kare na biyu, a kuma riƙa kai wa majalisa rahoto duk shekara: sau nawa aka fita da karen, sau nawa ya nuna, sau nawa aka samu abu, mutum nawa ya gano, mutum nawa ya ciza.