Gonar shinkafa zalla ko wadda ake canza mata shuka?

Alhaji, na ga tambayarka a zaure: kana nan cikin birni, an yi maka tayin hayar gona biyu a wajen Kura. Ɗaya shekara 15 ana zuba mata shinkafa rani da damina, ɗayar kuma shinkafa da damina, rani a sa alkama ko tumatir, wani lokaci wake. Wacce ƙasarta ta fi ƙarfi?

Bari mu fara da ta shinkafa zalla, don a kanta aka fi yin kuskure. Mutane na cewa shinkafa tana cinye ƙasa. Alhali ruwan da ke kwanciya a fangali yana hana iska shiga, saboda haka saiwa da kara ba sa saurin ruɓewa su ƙare, sai su zauna su zama baƙin nan mai laushi da ke riƙe danshi da taki. A cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin akwai filin gwaji da ake noma shinkafa a kai a kai tun farkon shekarun 1960, kuma wannan baƙin bai ragu ba. To amma can laka ce mai nauyi. Tamu ta Kura da Kadawa da Garun Malam yashi ya yi mata yawa, ga zafi, ga shi ana gama bugu sai a kwashe tattaka a kai wa shanu, abin da ya rage a cinna masa wuta. Mafi yawan sinadarin fotash (ɗaya daga cikin abincin shuka) da shinkafa ta zuƙa yana cikin karan ne, ba cikin tsaba ba. Ka kwashe kara, ka zuba yuriya kaɗai, wadda babu fotash a cikinta, shekara 15. Me kake tsammani?

Sai kuma ruwa. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a shekarun 1970 ake shayar da wannan yanki, kuma inda magudanar fitar da ruwa ta toshe, gishiri yana tasowa. Za ka gan shi fari-fari kamar kanwa a bakin kunya idan ƙasa ta bushe.

Ta biyun ta samu numfashi. Bushewar rani tana karya ciyawar shinkafa da cututtukanta, wake yana bar wa ƙasa sinadarin da ake sayen yuriya dominsa, mai tumatir kuma da wuya ya ƙi zuba takin gargajiya. Aibinta ɗaya: yawan huɗa a busasshiyar ƙasa yana saurin cinye baƙin, idan ba a mayar da komai ba.

Ni dai ta biyun zan ɗauka. Amma kada ka biya kuɗi daga Kano ta waya, Alhaji (na taɓa yi, na sha mamaki). Je da fartanya ka tona kamu ɗaya a kowacce. Ka dunƙula ƙasar a hannu: idan baƙa ce, ta marmashe, ka ga tana a ciki, alhamdulillahi. Idan fara ce, ko fartanya ta ci karo da dandaɓe mai tauri a ƙarƙashi, ka nemi ragi. Sannan ka tambayi maƙwabcin gonar, ba mai ita ba, inda tattakar bara ta tafi.