Paranoid ko Master of Puppets: Wanne Ya Fi Daɗewa a Kunne?

Black Sabbath, ƙungiyar makaɗan rock 'yan Birmingham ta Ingila, sun fitar da kundin waƙoƙinsu mai suna Paranoid a 1970. Kiɗa ne mai nauyi, galibi ba ya gaggawa. Mai jitarsu, Tony Iommi, inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'anta, sai ya ƙera musu 'yan huluna na roba ya ci gaba da kaɗawa. Wannan taurin kai ana jin sa a kowace waƙa.

Kundin Master of Puppets na ƙungiyar Metallica kuwa, na 1986, galibinsa gudu ne, ga waƙoƙi dogaye. Shirin talabijin na Stranger Things ya sake jefa waƙar da ke ɗauke da sunan kundin a kunnen matasa a 2022.

Ni dai Paranoid nake yawan kunnawa, domin ko a ƙaramar rediyo nauyinsa ba ya raguwa.