Na kai ƙanwata sashen masu ciwon damuwa a asibitin gwamnati, ga yadda na ga aikinsu

Gaskiya duk wanda yake da ɗan'uwa da damuwa ta kwantar ina ba shi shawara ya gwada sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin gwamnati, ni dai na kai ƙanwata na garinmu kuma wallahi ban yi da-na-sani ba. Tun bayan haihuwarta ta biyu ta daina cin abinci, ba barci, sai kuka ba dalili, jaririn ma da ƙyar take ɗauka, a gida wasu na cewa rashin tawakkali ne wasu na cewa iska ce. Abin da ya tashe mu wata sanarwa ce a rediyo da Hausa, mai maganar ta ce in baƙin ciki ya wuce sati 2 kullum, mutum ya daina jin daɗin abin da ya saba so, to ciwo ne kuma yana da magani. Mama da kanta ta ce a kai ta.

Likitan da muka samu Allah ya saka masa. Bai yi gaggawa ba, ya ce min "Yaya ɗan ba mu wuri", suka daɗe ciki, ta fito ido jajir amma ka ga kamar an sauke mata kaya. Abin da ya fi burge ni bai raina addu'a ba ko kaɗan, cewa ya yi a ci gaba da ita a haɗa da magani, kamar dai mai hawan jini. Ya tambaya ko tana shayarwa kafin ya rubuta magani, ya kuma ja kunnenmu cewa sai ya ɗau makonni kafin a ga canji, kar a ce bai yi ba a watsar, kuma ko ta ji sauƙi kar ta daina sai da saninsa. Wannan bayanin fa shi ne ya riƙe mu, don satin farko ba mu ga komai ba.

Inda suka gaza, layin yankar kati da tsawo, sai ka yi sammako. Wurin jira a fili yake duk mai wucewa yana kallonka, ga mace mai jego da take jin kunyar a gan ta nan. Fastocin bango kuma kusan duk Turanci ne, to wa ake wa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 280 ke fama da wannan ciwon, Najeriya ma sai a 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, amma saƙon bai isa zaure da gidan suna ba, ya kamata a sa limamai da ungozomomi da masu awon ciki a ciki.

Yanzu alhamdulillah tana ci tana barci, tana komawa ganin likita a ranar da aka ba ta. Akwai irin wannan sashen a Dawanau ta Kano, Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da kuma Maiduguri. In kuma mutum ya fara maganar gara ya mutu, don Allah kar a jira ranar kilinik, kar a bar shi shi kaɗai, a wuce da shi sashen gaggawa a ranar.