Hattara da masu "makarantar kiɗa" ta dogon hutu

Iyaye na Kaduna da kewaye, ku saurara. Koyar da fiyano sana'ata ce, kuma tun da aka koma makaranta iyaye ke zuwa mini da kuka iri ɗaya, shi ya sa na ga gara in faɗa a fili.

Wani mutum ne ke baza talla a Facebook da zaurukan WhatsApp na iyayen yara, wai ya buɗe makarantar koyon fiyano da jita. Yakan kama hayar aji ɗaya a wata makarantar kuɗi lokacin hutu, ya rataya allon suna, ya jera kibod biyu ko uku na aro. Mako na farko darasi na tafiya sumul, yara na dawowa gida da murna. Daga nan sai buƙatu su fara: kuɗin fom, kuɗin zango gaba ɗaya, kafin alƙalami na kibod da za a kawo daga Legas. Duk a asusunsa na kansa, babu rasit. Da hutu ya ƙare sai waya a kashe, mai makarantar kuɗin kuma ya ce shi haya kawai ya ba shi.

Inda ya fi cin mutane shi ne kuɗin jarrabawa. Yana cewa zai yi wa yaro rajistar ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Landan, har yaro ya kai mataki na 8 cikin wata uku. Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Hukumar ta gaske ce, tun 1889 take, amma matakin 8 shi ne na ƙoli a jerin, yara kan yi shekaru kafin su kai shi. Ba a ma barin mutum ya zauna na 6 zuwa sama sai ya ci mataki na 5 a ilimin ƙa'idojin kiɗa ko makamancinsa. Kuma uba ko uwa na iya buɗe asusu a shafin hukumar su yi wa ɗansu rajista da kansu. To me zai sa a damƙa wa wani kuɗin a hannu? Haka mutumin yake jingina kansa da MUSON, ƙungiyar kiɗa mai makaranta a Onikan ta Legas. Duk wanda ya ce can ya yi karatu, ya nuna takarda, ku kuma ku tuntuɓe su.

Wasu sun ce daga yanzu sai malamin gida. Ni malamin gida ne, amma ba zan ce muku mu duka tsarkaka ne ba. Akwai wanda ya karɓi kuɗin wata uku, ya ɗauki kibod ɗin yara wai zai kai gyara, har yau shiru. Makaranta ko malami, ku biya wata-wata, bayan kun zauna kun ga darasi da idonku. Ku sa shi ya kaɗa wani abu a gabanku. In makaranta ce, ku duba sunanta a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, asusun kuma ya zama da sunanta. Kayan kiɗa ku je shago ku saya da kanku, kuma kada a bar yaro shi kaɗai a ɗaki da baƙon malami.

Wanda aka riga aka cuta ya adana shaidar tura kuɗi da hirarsu ta WhatsApp, ya sanar da bankinsa nan take, sannan ku haɗu ku kai ƙara wurin 'yan sanda tare.