ST1300 ko V-Strom 650 na hannu? Ga abin da na gani a sati biyu

Ɗan'uwa ka tambaya tsakanin mashin Honda ST1300 da Suzuki V-Strom 650 wanne za ka ɗauka a na hannu, tunda ka ce tafiyarka rabi kwalta ce rabi hanyar ƙauye, kuma cikin gari ma da shi za ka dinga zirga-zirga. To ni sati biyu ke nan da na sayi ST ɗin, V-Strom kuma akwai shi a gidanmu, na ƙanina ne, na sha hawansa.

Ranar farko da na fito da ST kan titin Zariya wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai a cikin hular kwano. Injin silinda huɗu ne, cc 1261, ba ya ihu ba ya karkarwa, wani ɗan fito kawai yake yi kamar na fanka, ka ba shi wuta a giya ta biyar ya wuce tirela kamar a tsaye take. Gilashin gaban na nawa da maɓalli ake ɗaga shi, ina ɗagawa iskar ta ɗauke daga ƙirjina. Tankinsa lita 29, kuma ba sarƙa gare shi ba, shaf ne irin na mota, babu zancen shafa mai ko ɗaure cen duk sati. A nan kam V-Strom bai kama ƙafarsa ba, shi silinda biyu ne cc 645, yana tafiya lafiya lau amma in ka daɗe kana gudu za ka ji iska tana dukan hularka, hannu ma ya ɗan yi zugi.

Amma fa dawowa cikin gari ne na gane abin da na saya. Mashin ɗin nan da mai a ciki ya haura kilo 300, V-Strom kuwa 200 da 'yan kai ne, kusan buhu biyu na siminti ke tsakaninsu. Na shiga gidan mai zan juya a hankali, tayar gaba ta taka yashi, ina ji ina gani ya fara kwantawa, na sa ƙafa na ga ba zan iya ba na sakar masa. Mu uku muka ɗaga shi, ni da mai ba da mai da wani ɗan sahu da yake ta ce min “Alhaji wannan ai mota ce aka cire wa taya biyu”. Allah ya taimaka Honda sun yi masa wasu fukafukai a gefe, a kansu ya sauka, robobin jikin ba su fashe ba. Sai kuma zafi, a danja idan fankar lagireto ta tashi, ƙwaurinka kamar ka zauna gaban mai tsire.

V-Strom ba ruwansa da wannan. Tayar gabansa inci 19 ce, ya fi tsayi daga ƙasa, rami da burji duk yana hawa, kuma in ya lalace bakanike zai kai hannu ga inji ba sai ya kwance rabin jikin mashin ba. Illarsa tsayin kujera, in kai gajere ne je ka zauna a kai tukun ka ga ko ƙafarka tana taɓa ƙasa.

Ko wanne za ka saya, duba tayar da kyau. Akwai lambobi huɗu a gefenta, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, ni zanen tayata ya ruɗe ni ashe ta tsufa ta bushe, dole na canza duka biyun. Ka duba agogon ma, in daga Amurka ko Ingila ya zo mil yake ƙirgawa ba kilomita ba. Takardun kwastan kuma kar ka yarda da “za a kawo gobe”.

Da irin hanyar da ka faɗa, V-Strom zan ce ka ɗauka. Nawa ina son shi, amma zuwa kasuwa har yanzu makullin ƙanina nake ara.