Mangazar warantaj: ajiya mai kyau, takarda mai giɓi

Ƴan uwana masu harkar wake da hatsi a nan Damagaram suna yawan tambayata ko ya dace su sa kaya a warantaj, wato ajiye hatsi a mangaza a matsayin jingina don a samu rance. Ya dace, amma a nemi wanda zai karanta takardar yarjejeniyar tas kafin a dangwala yatsa.

Da kaka, lokacin da tiya ta faɗi warwas a Kasuwar Dole, buƙata kuma ta taso, sai ka kai buhunanka mangazar ƙungiya. A auna, a rubuta, asusun rance ya ba ka wani kaso na kuɗin kayan. Kwaɗo biyu ne a ƙofa, makulli ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin masu rance. Da bazara, in farashi ya hau, ka biya bashi da ruwansa ka kwashe abinka.

Mangazar da nake hulɗa da ita ta burge ni wajen tsabta. Daɓen siminti ne, buhuna bisa katako, ba su jingina da bango ba. Wake kuwa sai a buhun PICS mai ninki uku, wanda ke hana iska shiga har ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba. Na kwance nawa da bazara, na damƙo, ƙwaya sumul, babu huda, babu gari a gindin buhu.

Inda nake da ƙorafi shi ne abin da takardarsu ta yi shiru a kai. Duk mun ga daminar 2024, wadda ta kayar da tsohon masallacin unguwar Birni ta Damagaram a watan Satumba. Ruwan da ya yi wannan, me zai hana shi shiga mangaza in kaya sun yi jinkirin fita? Na ce wa shugaban ƙungiya, "Alhaji, in ruwa ya jiƙa buhuna, asarar ta wa ce?" Ya ce, "Allah ya kiyaye, Malam." Amin, amma babu inshora, kuma bashi yana nan a wuyan mai kaya.

Akwai haɗari na biyu da ba a faɗa wa sabon shiga. Dukan ribar tana rataye ne ga tashin farashi. Shekarar da damina ta yi albarka, hatsin Tanut ya cika kasuwa, tiya ba ta motsawa sosai. Shekarar fari kuma OPVN, hukumar gwamnati mai ajiyar abinci, kan fito da hatsi a farashi mai rahusa, abin alheri ga talaka, amma mai ajiya sai lissafinsa ya rushe, kuɗin ruwa da na haya na jiransa.

Bana ma zan sa wake, rabin abin da na saya kawai. Roƙona gare su, su rubuta ƙarara wanda zai ɗauki asarar ambaliya, su kuma riƙa sanar da mu hasashen damina da cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke fitarwa, don mu san lokacin kwashe kaya.