Royal Greens: filin ya haɗu, amma wasu samari huɗu sun cinye mana yammacin

Duk wanda yake da niyyar zuwa Royal Greens ya buga golf, abu na farko da zan gaya masa shi ne ya kama lokacin safe, ko da kuwa zai bar Jidda ne daga sallame Asuba ido na yaji. Mu na bayan Azahar muka kama, saboda yayan matata ne ya biya kuma shi ran Asabar ko gobara ake ba ya tashi da wuri, ni kuwa da aka gayyata ba ni da bakin cewa a canza. Sauran bayanin duk daga nan ya samo asali.

Ni ba baƙon wasan ba ne, kar wani ya ce ɗan kallo ne ya zo yana surutu. Ina yaro a Kano na yi kadi, muna saɓa wa Kwara da manyan ma'aikata jaka, idan fili ya yi shiru mu zari tsohuwar sanda guda mu yi ta bugu har duhu. A lokacinmu wajen ramin ba ciyawa ba ce, yashi ne da aka cakuɗa da baƙin mai, sai an ja masa katako an baje kafin ka tura ƙwallo, in ka dawo gida ƙafar wandonka duk ta yi baƙi a yi maka faɗa. Tunda na zo Saudiyya aiki ya rufe ni, sai dai ɗan bugun atisaye nan da can, to da Yaya ya ce mu je inda aka yi gasar nan ta Saudi International daga 2019 zuwa 2023 ai ban yi barcin kirki ba a daren.

Hanyar Madina muka bi, ka wuce Zahban ka wuce Suwal inda jami'ar KAUST take, kilomita ɗari da 'yan kai ne kafin ka shiga birnin Sarki Abdallah na tattalin arziki, kusa da Rabig. Jirgin ƙasan Haramain ma yana tsayawa a can, amma mai jakar sanduna mota ta fi masa sauƙi. Garin tituna ne manya manya ba hayaniya, wanda ya saba da cunkoson Bab Sharif sai ya ji kunnensa na ƙara.

Gaskiya karɓar da aka yi mana ba abin cewa. Tun daga ƙofa aka sauke jakunkuna aka ɗaura a bayan bagi, wato 'yar motar da ake yawo da ita a filin, ruwan sanyi na ciki, aka nuna mana wajen ɗumama hannu. Da na taka ciyawar nan sai da na durƙusa na shafa ta da tafin hannuna, Yaya na cewa kai don Allah tashi kar ka ba mu kunya, wallahi laushinta kamar kafet ɗin Harami. Irin ciyawar nan ce paspalum da take jure gishiri, shi ya sa take kore shar a bakin Bahar Maliya inda ko ɗan itacen kirki ba ya son tsiro, kuma ƙwallo tana zama a kanta ɗas, ba sai ka yi ta tono ba. Wajen ramin kuwa gudu gare shi, ni da hannuna ya saba da yashi mai riƙe ƙwallo sai na ga ɗan taɓawa kaɗan ta wuce ramin ta yi gaba abinta. Ramukan farko lafiya lau muka buga su, akwai tafkuna da kwaruruka na duwatsu da yashi da aka ratsa filin da su, ana ta raha, har na fara cewa a raina wannan kuɗin da Yaya ya kashe halal ne.

A rami na shida muka cim musu. Samari huɗu, kowa da kayan wasa sababbi fil, sanduna masu tsada waɗanda ni ko a mafarki, amma kana ganin yadda suka riƙe su ka san ba su daɗe da farawa ba. Wannan ba laifi ba ne, kowa da ranar da ya fara. Laifin shi ne kowane bugu sai an ɗauke shi a waya. Ɗaya ya tsaya zai buga, ɗaya ya tsuguna a bayansa da waya, ɗaya ya koma gefe da tasa wayar, in bugun bai yi kyau ba a ajiye wata ƙwallon a sake, sannan duk su taru a kan allo su kalla su yi dariya su tura Snapchat, mu kuwa muna zaune a bagi rana na dukan ƙeyarmu. Duk wanda ya san wasan nan ya san ƙa'ida, in kuna huɗu kuna jan ƙafa, mutum biyu suna bayanku, gabanku kuma fili ba kowa, sai ku ɗaga musu hannu su wuce. Ko yaron da ya yi sati yana kadi ya san wannan. Yaya ya ɗaga musu hannu, suka ɗago mana su ma suna murmushi, su a ganinsu gaisuwa ce.

Na ce Yaya bari in je in yi musu magana. Ya ce a'a, zauna, kai da igamarka, takardar zamanka a ƙasar, a hannun kamfani ba ka san ɗan wa za ka taka ba. Wannan maganar ta fi jiran ƙona min rai, don gaskiya ce. Mai zagayen fili ya zo a bagi, mutumin kirki, ya yi musu magana cikin ladabi muna hango shi yana nuna agogonsa, suka yi ta abshir abshir, wato an gama, suka ɗan yi sauri rami guda, yana ba da baya suka koma ruwa. Shi ya yi nasa, ba zai kwana a kansu ba tunda filin rami 18 ne. Da muka tsaya sallar La'asar bayan rami na tara na ce shi ke nan ai yanzu sun yi nisa, muka dawo muka tarar da su suna hoto da kofin gahawa a wajen bugun farko na rami na goma.

Ga abin da jiran nan ya jawo, kuma shi ya sa na ce a kama safiya. A bakin tekun nan iska tana da lokacinta. Da safe lum take, rana tana yin sama ƙasa ta yi zafi sai iska ta taso daga teku, kafin La'asar sakaliya ta zama wata aba daban, tutar rami tana lanƙwashewa, rigarka na kaɗawa, yashin ramukan tarko na shiga ido. Masu kallon gasa a talabijin sun san haka, waɗanda suka fita da safe su suke kwasar maki. Da an bar mu mun wuce, da mun isa ramukan bakin ruwa kafin ta gama haukacewa. Ana cikin haka kuma takalmin da na saya a wani shago a Jidda, wanda mai shagon ya rantse min da Allah asali ne, ƙasan na dama ya ɓare tun daga yatsu yana ta faf faf in na taka, sai da na cire igiyar tawul ɗin jaka na ɗaure shi. Ba zan faɗi shagon ba amma ya san kansa, kuma zan koma.

Rami na 16 shi ne wanda kowa yake zuwa dominsa, shi ne a duk hotunan talla. Gajere ne, bugu uku aka ƙayyade masa, teku na hannun hagunka tun daga inda ka tsaya har wajen ramin, ruwan shuɗi da kore kana hango duwatsun ƙasa, ga rana ta fara yin ja tana shirin faɗawa ciki. Duk haushin da nake ciki sai da na ce Masha Allah a fili. A nan ne Dustin Johnson ya jefa ƙwallonsa cikin teku a ranar ƙarshe ta gasar 2019, shekarar da aka fara ta, kuma duk da haka ya ci kofin. To samarin nan a nan suka kafa sansani. Hoton mutum ɗaya ɗaya, hoton biyu biyu, hoto da sanda a kafaɗa, hoto an juya baya ana kallon ruwa, sannan wani siriri mai farar hula ya tako har inda muke ya miƙo min wayarsa ya ce ya ammi, law samaht, in ɗauke su su huɗu. Ni. Bayan sun shanya mu tun Azahar. Na kalli Yaya, ya kawar da kai yana danne dariya, na karɓa na ɗauka, har da ce musu su matso.

Da suka gama zuba ƙwallayensu a ruwa suka ƙarasa ramin, maimakon su tafi sai suka tsaya a bayan wajen suna jiran su ga namu. Yaya ya fara. Shi mutum ne mai son ƙwallo ta tashi sama ta yi kyau a ido, ya buga ta ta tashi kuwa, iska ta riƙe ta a sama ta tsaya cak sannan ta sako ta cikin duwatsun bakin ruwa. Ya sake, ita ma ta bi 'yar'uwarta, yana ta innalillahi yana lissafin kuɗin kowace ƙwallo da ƙarfi. Ni kuwa bugun hunturu na tuna, wanda muke yi a Kano in iskar Disamba ta taso da ƙura. Ka ɗauki sandar da ta fi wadda nisan yake buƙata, ka kama ta ƙasa kaɗan, ka mayar da ƙwallo wajen ƙafarka ta baya, kar ka zuba ƙarfi, kar ka bar hannu ya tashi sama bayan bugu. Ƙwallon ta fita ƙasa ƙasa tana huda iskar, ta sauka a gaban wajen ramin ta yi tsalle ɗaya ta gangara ta gangara ta tsaya dab da tuta, tazarar ba ta kai tsawon sanda ba. Da takalmi ɗaure da igiya fa. Samarin nan suka kaure da ihu suna tafi, Allah Allah ya ammi, mai farar hular yana ɗaga waya yana cewa ya ɗauka tun daga farko. Wallahi a wannan minti na yafe musu komai, har na ji ina son yaran. Na tura ta ta faɗa, bugu biyu a ramin da zakaran duniya ya sha ruwa. Ya karɓi lambata ya ce yanzun nan zai turo min ta WhatsApp.

Amma yafiyar ba ta kai rami na 18 ba. Wannan ramin dogo ne mai bugu biyar, ga tafki a gefe, a nan Harold Varner ya tura ƙwallo daga nisan kusan ƙafa 90 ta faɗa ya ci gasar 2022 ya bar Bubba Watson da baki buɗe, na kalli wannan bidiyon ba adadi, ina son in tsaya a wajen in gwada da hannuna in ga gangaren. Ina! Magariba ta kawo kai, ba ka ganin inda ƙwallo ta sauka, su kuma suna gabanmu suna hoton faɗuwar rana. Muka buga na 17 a gurguje, na 18 kuwa Yaya ya ce mu ɗauki ƙwallayenmu mu tafi mu yi sallah. Ka biya kuɗin rami 18, kuɗin da kun san ba na wasa ba ne, ka tashi da 17 da ciwon kai. Ba daga aljihuna ya fita ba amma sai da ya yi min zafi, don na san abin da wannan kuɗin zai yi in an tura shi gida.

To ko zan ce a je? Filin kansa ban ga inda zan kushe shi ba, ma'aikatan ma haka, ba a banza LIV, masu shirya gasar ƙwararrun 'yan golf, suka kawo gasarsu nan Brooks Koepka ya ci a 2022 ya sake ci a 2023 ba. Amma idan ran hutu ne kuma da rana, sa'arka ce kawai, ya danganta da waɗanda Allah ya haɗa ka da su a gaba. A je tsakiyar mako, a je da sanyin safiya, a je tsakanin Disamba da Fabrairu, a tafi da ƙwallaye masu araha don rami na 16, kuma riga mai kwala dole ce, kar wani ya taho da jallabiya ya ce ban faɗa ba.

Bidiyon kuwa har yau shiru. Na duba wayar a mota, na duba da muka tsaya cin Albaik a hanya, na duba washegari a wajen aiki, ba komai, kuma ni ban karɓi tasa lambar ba tunda shi ya ce zai turo. Abin haushin shi ne Yaya yanzu ya fara canza labarin, jiya a gidansa a gaban Hajiya da yara yake cewa wai ƙwallon ta kai taku biyar daga ramin kuma iska ce ta taimake ni. Mutumin da ya ciyar da kifin Bahar Maliya da ƙwallayensa. Ya ce mu koma bayan Ramadan in maimaita a gabansa in da gaske ne, na ce na yarda, amma wannan karon ni zan kama lokacin, ƙarfe bakwai na safe, in ya so ya kwana a mota.